Ranar da Aina'u Ta Kau da Kai

Najib ya shekara uku da wata bakwai bai taɓa furta kalma ba. Ba kurma ba ne, wannan kowa a gidan ya shaida. In kakarsa Inna Hure ta ce, "Wa zai miƙo mini carbina, na baro shi kan turmi," kafin ta rufe baki ya kawo. In aka ce jar akuya ta tsinke, jar zai bi, ba zai kalli baƙar ba. Adaidaitar ubansa ma ya san ƙararta a cikin ta mutane, tun tana kwanar firamare zai je ya tsaya a bakin zaure. Kunne lafiya, hankali lafiya, bakin ne dai ya ƙi. In yana son abu sai ya nuna da yatsa yana "a, a." In ba a gane ba ya ja mutum da zane. In aka ƙi tashi ya zube a ƙasa yana buga kai.

Shi ne ɗan farin Aina'u, ita kuwa 'yar gidan kunya ce. A gidansu, can wajen Ungogo, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa, ba ta zama ta ƙura masa ido a gaban mutane. Yaran yanzu sun watsar da wannan, har ka ga yarinya ta rungume ɗan fari tana ɗaukar hoto da waya a gaban surukai. Aina'u ba ta cikinsu. In za ta aike shi sai ta ce "kai," in za ta yi zancensa ta ce "yaron nan." Inna Hure kuwa ba abin da take tinƙaho da shi a gidan biki kamar wannan. "Ni surukata gadon kunya ta yi. Ko faɗuwa yaron ya yi a gabana, wallahi ba ta ɗaga kai."

To wa ke yi wa yaron hira? Ubansa Khalilu yana fita da adaidaita bayan asuba, yana ɗibar ma'aikata da ɗalibai daga Rijiyar Zaki zuwa cikin gari, kafin ya dawo yaro ya yi barci. Inna Hure ba mai yawan magana ba ce, umarni take bayarwa. Maƙwabtan da suke da yara sun sayar da gonakinsu sun tashi, an yanka filaye an zagaye da bulo, ba kowa a ciki sai ƙadangaru. Yaro ya tashi tsakanin tsohuwa da awaki da uwar da ba ta kallonsa sai ta gefen ido.

Akwai kuma alkawari a kansa. Ranar sunansa aka ce wa Tahira, yayar Khalilu, wadda Allah bai ba haihuwa ba, "In an yaye shi naki ne." Aka yaye shi, sai mijinta ya kwanta doguwar jinya a ƙauyensu da ke bayan Rimin Gado, zancen ya lafa. Aina'u ba ta taɓa cewa komai a kai ba. Da wane bakin?

Wata Talata ta tafi awo a ƙaramin asibitin garin, da cikinta na biyu wata biyar. Inna Hure ta tafi ta'aziyya, dole Aina'u ta tafi da yaron. Mai awon, Malama Zakiyya, mace ce mai barkwanci, ta dube shi ta ce, "Ikon Allah, ga angona ya zo. Naki ne? Yaya sunansa?"

Aina'u ta sunkuyar da kai. "Na gidanmu ne."

"Au, ɗan fari ne ke nan. To ni dai ba surukarki ba ce. Angona, ba za ka gai da amaryarka ba?"

Yaron ya ƙura mata ido. Aina'u ta ce a hankali, "Ba ya magana."

Malama Zakiyya ta ajiye abin awon. Ta ce, "Angona, ɗauko mini jan biron can, ka sa shi ƙarƙashin littafin nan, sannan ka tura mini ƙofa." Ya ɗauko jan, ya sa a ƙarƙashi, ya tura ƙofa, ya dawo ya tsaya. Ta ɗaga biron ta ce, "Mene ne wannan?" Leɓunansa suka motsa, ba abin da ya fito.

"Ke, saurara," in ji ta. "Yaron nan yana jin komai, yana gane komai. Wasu yaran haka Allah Yake yin su, ganewa ta yi gaba ta bar baki a baya. Ba ke kika jawo ba. Akwai masu duba irin wannan a babban asibiti, zan rubuta miki takarda, amma kafin layi ya zo kanki sai kin haihu kin yi arba'in. Kafin nan maganin da ya fi kusa da shi ke ce. Ki durƙusa fuskarki ta yi daidai da tasa. Ki kira sunansa ya dube ki. Abin da idonsa yake kai shi za ki faɗa, kalma ɗaya, ba wa'azi ba. Sai ki yi shiru ki jira, ki ƙirga goma a zuci. In ya fito da ko rabin kalma ce, ki nuna masa kin ji daɗi. Kullum, ba fashi."

"Malama, ɗan fari ne fa."

"Na ji. Harshen nasa ne bai san da wannan ba."

Kwana huɗu Aina'u tana juya zancen. Rana ta biyar, bayan azahar, Inna Hure ta miƙe a inuwar darbejiya kamar yadda ta saba. Aina'u ta ɗauki kwanon dusa ta zagaya bayan rumbu inda ake ɗaure awaki, yaron yana biye da ita. Ta leƙa dama, ta leƙa hagu, sai ka ce wadda za ta yi sata. Ta durƙusa. Sunan ya yi mata nauyi a baki kamar ta tauna ɗanyen rogo.

"Najib."

Yaron ya waiga bayansa yana neman mai kiran. Bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba. Da ya juyo ya ga ita ce, sai ya tsaya ƙiƙam, ya ƙura wa bakinta ido. Ta nuna jar akuya ta ce, "Akuya." Ta ƙirga goma. Ya miƙo yatsa ya taɓa leɓenta, shi ke nan.

Haka aka yi mako uku, ba abin da ya fito. Sai dai shi yaron ya riƙe lokacin. Da ya ji minsharin kakarsa zai je ya ɗauko kwanon dusa da kansa ya ajiye a gabanta. Ran nan tana cikin ƙirge, ta kai bakwai, sai ta ji wata 'yar murya a dishe.

"Kuya."

Kwanon ya suɓuce mata. Ta kama kafaɗunsa biyu, sai ta yi dariya hawaye na zuba. Shi ma ya yi dariya, ya sake cewa, "Kuya, kuya," har akuyar ta ɗago kai.

Kafin a gama yankan gero ya sami kalma biyar. Akuya, dusa, ruwa, zo, da a'a. Duk a gutsure suke fita, amma kalmomi ne. Sai dai suna da sharaɗi: sai ita, sai ta durƙusa, sai ta kira sunansa ya ga bakinta. In ba haka ba bakin a rufe yake ruf, kamar dā.

Ana nan mijin Tahira ya rasu tun farkon damina, ta fita takaba, ta aiko cewa gida ya yi mata faɗi, a ba ta ɗanta. Inna Hure ta ce daidai ne. Ga Aina'u ta yi nauyi, ga yaro zaman nan bai amfane shi da komai ba, an sha rubutu har allo ya gaji. A can kuma akwai tsohon wanzami da ya iya yankan linzami, wata jijiya da ake cewa ita ke ɗaure harshe daga ƙasa. Aka sa ranar Juma'a Tahira za ta zo, a kira Baffa Sha'aban, ƙanin marigayi uban Khalilu, ya sa albarka.

Da sassafe Khalilu yana goge adaidaitarsa a ƙofar gida, Aina'u ta kawo masa koko ta tsuguna a bakin zaure ba ta tashi ba.

"Lafiya?"

"Malam, yaron nan ya fara magana."

"Wane yaron? Da wa?"

"Da ni."

Ya saki tsumman ya yi dariya. "Ke? Ke da ko kallonsa ba kya yi?" Ta gaya masa komai, da Malama Zakiyya, da bayan rumbu, da ƙirgen goma. Ya kira yaron ya ce, "Najib, ce Baba. Ce Baba in saya maka biskit." Yaron ya nuna kujerar gaba, wai a ɗora shi.

"Ba haka ake yi ba," in ji ta. "In aka tafi da shi yanzu abin zai koma. Ka roƙar mini Yaya Tahira ta bar shi ko shekara ɗaya ce."

Khalilu ya ɗauki kokon ya kurɓa. Ya ce, "Ni ba zan tari Inna da Baffa da zancen matar asibiti ba, cewa za su yi ke kika zuga ni. Amma in suka gani da idonsu bakin ya fara buɗewa a hannunki, ba mai cewa a katse magani ana tsakiyar sha. Ranar Juma'a ki yi masa yadda kike yi. In ya furta ko kalma ɗaya ce, ni zan durƙusa wa Yaya."

"A gabansu?"

"To a bayansu za su ji?"

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci aka shimfiɗa wa Baffa Sha'aban tabarma a tsakar gida. Inna Hure tana kan kujerarta 'yar tsugunno, Tahira a gefenta da ƙullin alawa. Aina'u ta kawo fura ta koma bakin madafa ta rakuɓe, ta ja mayafi har goshi. Aka gaisa, aka yi wa mamaci addu'a, aka taɓa zancen gero da tsadar taki. Sannan Khalilu ya yi gyaran murya ya ce yana da 'yar magana, yaron nan ya fara furta kalmomi.

Inna Hure ta ce, "Wa yake furta wa? Awaki? Ni ina gidan nan dare da rana ban ji ba."

"To ai ga shi ga mu," in ji Baffa. "Bismillah."

Tahira ta kwance alawa. "Zo nan ɗan albarka. Ce Gwaggo. Gwag-go. Ka ce in ba ka duka." Yaron ya dubi alawar, ya dubi bakin madafa, bai motsa ba.

"Ba ya yi wa kowa," in ji Khalilu. "Sai ita ta kira sunansa ta yi masa."

"Ita wa?"

Khalilu ya nuna madafa da haɓa. Inna Hure ta dafe ƙirji. "Kai Khalilu, ka ji tsoron Allah. Kada ka yi wa yarinyar mutane ƙazafi a gaban Baffanka. Kusan shekara biyar muna tare, ban taɓa jin sunan yaron nan a bakinta ba, ko da suɓutar baki. In kai ne ba ka son rabuwa da ɗanka ka fito fili ka faɗa, ka bar shafa mata rashin kunya. Uwarta ta yi tarbiyya, ni shaida ce."

Da zagi Inna ta yi, da Aina'u ta sami abin takawa ta tashi. Yabo ne ya danne ta a wurin.

Baffa Sha'aban mutum ne mai sanyin hali. Ya ce, "Aina'u, in da abin da za ki nuna mana, nuna. Ba mai cin ki."

Kafin ta motsa, yaron ya riga ya gane abin da ake so. Ya ruga bayan rumbu, sai ga shi yana janye da jar akuya da igiyarta, tana turjewa yana ja, har gaban uwarsa. Ya tsaya. Ya ɗaga kai ya ƙura wa bakinta ido, yana jira.

Abin da ya rage kaɗan ne. Ta matso, ta sauke mayafi, ta faɗi suna ɗaya. Ta buɗe baki. Ta ji idon Inna a gefen fuskarta, ta ga farin gemun Baffa, ta tuna gobe zancen zai kai Ungogo, a ce 'yar gidan wane ta durƙusa gaban surukai tana kiran ɗan fari tana yi masa wasa. Harshenta ya manne da dasashi. Ta ce a ranta bari ta ƙirga uku ta faɗa. Ta ƙirga uku, ta ƙirga goma.

Yaron ya miƙo yatsa ya taɓa leɓenta, yadda ya saba.

Hannunta ne ya riga tunaninta. Ta ture yatsan, ta kau da kai ta fuskanci bango.

"Kun gani?" in ji Inna Hure. "Ban faɗa muku ba?"

Khalilu ya ce, "Aina'u!" Ba ta juyo ba. Ya sake buɗe baki, Baffa ya ɗaga masa hannu. "Ya isa. Ka sa yarinya a tsaka mai wuya a banza. Tahira, gobe da safe Khalilu ya kai ku. Allah Ya raya shi, Ya buɗe bakinsa." Aka shafa fatiha. Duk wannan a kan yaron ake yi, yana tsaye da igiya a hannu, ba kalmar da ta wuce shi. Manya suna mantawa da wannan. Don yaro bai iya mayar da magana ba sai a ɗauka buhu ne aka jingine.

Washegari aka nemi takalmansa sama da ƙasa aka rasa. Tahira ta ce a bar su, za ta saya masa a kasuwar Rimin Gado. Da aka zo ɗaukarsa ya ƙanƙame turken akuya, sai da ubansa ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Uwar ɗan fari ba ta rakiya, ba ta kuka. Aina'u ta zuba dawa a turmi ta yi ta daka da cikinta wata bakwai, tana daka har ƙarar adaidaita ta ɓace, ba ta daina ba sai da Inna ta ce, "Ke, gari kike so ko ƙura?" Bayan azahar ta je ba awaki dusa, ta tarar da takalman a cikin kwanon, an tura su ƙasa an rufe da dusa.

Khalilu bai sake tayar da zancen ba, ita ma haka. Takardar babban asibiti tana ƙarƙashin katifa.

Bayan wata biyu ta haifi mace, aka sa mata Khairiyya. Wannan kam ba kunya a kanta, ta kira sunanta ta yi mata wasa yadda ta ga dama, ba mai cewa don me. Ranar suna Tahira ta zo da Najib, an yi masa aski, da sabuwar riga da sababbin takalma. An yanka linzamin tun makon da ya je, ya yi kwana uku ba ya iya cin tuwo, ya warke, bakin yana nan yadda yake.

"Amma fa yaro ne na gari," Tahira take gaya wa mata. "Ya bar buge-bugen kan nan. Ba ƙiriniya, ba ja mini zane. Ni yanzu ba na ma wahalar da bakina, da ido nake nuna masa abu ya yi. In na zaunar da shi nan, nan zan dawo in same shi." Mata suka ce ma sha Allah, hannunki ya karɓe shi.

Da la'asar, ana ta rabon waina da hayaniya, Aina'u ta miƙa wa wata mata jaririyar ta ce za ta zagaya. Ta hango shi zaune shi kaɗai a gindin darbejiya. Ta ɗauki kwanon dusa ta wuce ta gabansa yadda zai gani. Ta daɗe tsaye a bayan rumbu kafin ta ji takunsa. Ya zo, amma ya tsaya daga nesa.

Ta durƙusa da ƙyar, jikinta ɗanye. Ba ta leƙa dama ko hagu ba.

"Najib."

Ya dube ta.

"Najib, ga ta nan. Akuya."

Ta ƙirga goma. Ta sake ƙirga wata. Ta kamo yatsansa ta ɗora a leɓenta ta sake faɗa, a hankali, yadda zai ji motsin. Ya kalli akuyar, ya kalli bakin uwarsa. Sai ya zare yatsansa, ya kau da kai, ya fuskanci bangon rumbu.

Daga tsakar gida Tahira ta ɗaga murya. "Ina yaron nan? Kai, ɗauko takalmana mu kama hanya, yamma ta yi."

Kafin ta rufe baki ya tafi.